Sumani da Baƙon da Teku Ta Jefo

Ranar Lahadi, ashirin da huɗu ga Nuwamba, 2013, da hantsi, Sumani Abdul-Fatawu yana tafe a bakin teku a South Beach, a ƙasar Amurka, hannuwansa cikin aljihun kwat, sai ya hangi wani abu a kan yashi, inda igiyar ruwa ta tara ciyayi da tarkace. Da farko ya ɗauka murfin tukunya ne. Da ya matso ya ga kai, ya ga hannuwa biyu masu faɗi kamar filafilin kwalekwale. Kunkurun teku ne, bai wuce faɗin tiren shayi ba, idanunsa a rufe, yashi ya manne masa a wuya. Sanyin ranar irin mai shiga ƙashi ne. Sumani ya taɓa shi da ƙafa, bai motsa ba. Har ya yi gaba, sai ya dawo ya tsuguna, ya ɗora yatsa a gefen idon. Fatar idon ta ɗan girgiza.

Ya yi abin da duk mai tausayi zai yi. Ya tuɓe kwat ya naɗe shi, ya kai shi mota, ya murɗe hita har ƙarshe, sannan ya buga lambar hukumar birni. Aka yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan, har ya faɗa hannun wata likitar dabbobi mai suna Dakta Ortiz, a wani ƙaramin gidan jinyar dabbobin teku da ke Long Island. Ta tambaye shi inda kunkurun yake. Ya gaya mata, yana jin ya yi abin kirki, cewa yana nan cikin mota yana shan ɗumi.

"Kashe hitar nan yanzu," in ji ta. "Sauke gilasai, ka cire masa rigar. Sanyi ne ya sandarar da shi. In ka ɗumama shi da gaggawa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Motocinsu duk sun fita ɗauko wasu kunkurun da sanyin ya jefo a wasu gaɓoɓin, don haka Sumani ya ce zai kawo shi da kansa. Haka ya ƙetare gadar Verrazzano, ya ratsa Brooklyn da Queens gilasai a sauke, haƙoransa na kaɗawa, kunkurun na kwance cikin kwali a kujerar baya. Da ya isa aka karɓe shi, aka rubuta wa kunkurun lamba a ƙwaryar bayansa. Sumani bai riƙe lambar ba. Shi dai tun a hanya ya sa masa suna Baƙo, kuma da sunan ya ci gaba da kiransa.

A Salaga, ƙasar Gwanja, aka haifi Sumani, a shekarar 1961. Mahaifinsa ɗan kasuwar goro ne, shi ya kwashe iyalin zuwa zangon Kumasi tun Sumani yana yaro. Can ya yi allo, can ya koyi tuƙi a hannun wansa Moro, ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da Tamale. A 1998 ya zo Amurka. Ya fara sauka a unguwar Morris Heights, su huɗu a ɗaki ɗaya, ya wanke kwanuka, ya ja tasi, har Allah ya nufa ya ɗauko matarsa Zalia da 'yarsu Nafissa suka koma unguwar Stapleton, kusa da South Beach. Daga nan ya samu aikin da ya riƙe har ƙarshe, wato tuƙa motar da ke kai marasa lafiya da tsofaffi asibiti, masu wankin ƙoda da masu keken guragu.

Mutum ne marar gaggawa. Ba ya danna ƙaho, ba ya katse mai magana. Ya san wace tsohuwa ce ba ta son a taɓa mata jaka, ya san wane dattijo ne sai an bi da shi ta bakin ruwa kafin ya saki fuska. A ƙaramin masallacin unguwa shi ke kiran sallah in yana nan, domin Allah ya ba shi murya mai kauri da sanyi. Sai dai abu guda: shekara da shekaru yana kai mutane ƙofar asibiti, shi bai taɓa wuce teburin karɓar baƙi ba.

Dalilin kuwa Moro ne. Wan nasa ya yi fama da wani tsiro a cinya, aka kai shi asibiti a Kumasi aka yanke, ba a rufa wata huɗu ba ya rasu. A wurin zaman makoki babu wanda bai faɗi magana ɗaya ba, tsofaffi da malamai da direbobi: daji ba ya son ƙarfe. In aka taɓa shi da wuƙa ko allura, sai ya fusata ya bazu. Sumani ya taso yana jin wannan magana, ya kuma ga an binne wansa a kanta. Bai ɗauke ta a matsayin ra'ayi ba. A wurinsa kamar a ce wuta na ƙuna ne.

Ranar da ya tsinci Baƙo, akwai wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa na hagu, girman wake, ba ciwo. Gemu ya rufe shi, ƙyallen wuya na ulu ya ƙara rufewa. Ba wanda ya sani sai shi.

Lahadin da ta biyo ya koma Long Island don ya ga ko baƙon nasa ya kwana. Ya tarar ana ɗaga masa ɗumi kaɗan-kaɗan, kowace rana a ƙara ɗan abin da ba a rasa ba. An duba jikinsa kaf ranar da ya zo, an ɗauki hoto, fatarsa sumul, ba tabo ba ƙurji. Cikin Disamba ya buɗe ido, ya fara iyo a tanki, ya fara cafkar gutsuren kifi da ganyen latas. Ganin Sumani ba ya fashin zuwa, kuma ba ya iya tsayawa hannu rabbana, sai aka sa shi cikin masu taimako na sa kai. Aka koya masa goge tanki, da wanke bokiti, da yanka abinci. Zalia ta ce wa Nafissa, "Babanki ya yi ɗan'uwa a cikin ruwa. Mu da muke kan tudu sai mu yi haƙuri."

A watan Janairu ne Zalia ta gani. Yana alwala a banɗaki, ya ɗaga kai yana tsefe gemu da yatsu, ita kuma ta shigo ɗaukar tawul. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, idonta ya saba da jikin mutane.

"Baban Nafissa, mene ne wannan?"

"Kaluluwa ce. Sanyi ne."

"Tun yaushe?"

Ya ci gaba da wanke ƙafa.

Sai da ta haɗa da kuka, Nafissa kuma ta haɗa da Turancinta mai sauri, kafin ya yarda ya je ƙaramin asibitin unguwa. Likitan ya lalluba wuyan, ya ce ba zai iya cewa komai ba sai an sa siririyar allura an ɗebi ɗan abin da ke ciki an gwada. Sumani ya yi godiya, ya karɓi takardar, ya fito. A bakin titi ya ce wa Zalia, "Allura? A nan? Kin manta Yaya Moro?" Daga ranar ya koma shafa man kaɗanya da wani garin magani da ya aika aka kawo masa daga gida, yana shan rubutu da zuma.

Cikin Fabrairu, yana goge gefen tanki, ya ga Dakta Ortiz ta ɗago Baƙo tana haska masa fitila a ido. A kusurwar idon dama akwai wani ɗan abu fari-fari, bai fi ƙwayar gero ba. A hamatar hannun hagu akwai wasu biyu. Nan take aka ware shi. Aka kai shi wani ɗaki shi kaɗai, da tankinsa, da burushinsa da bokitinsa masu jan ƙyalle, kada a haɗa da na sauran. Aka ce duk mai shiga ya sa safar hannu, kuma ɗakin Baƙo shi ne na ƙarshe a aikin kowace rana, daga shi sai wanke hannu a tafi gida.

Sumani ya tambaye ta ko a wurinsu ya ɗauka. Ta ce ba ta zato. Wata ƙwayar cuta ce da ake dangantawa da wannan tsiro, takan kwanta a jikin irin waɗannan kunkuru ba a ganin alamarta, wataƙila tun daga ruwayen kudu ya zo da ita. In jiki ya sha wahala ya yi rauni, sai ta samu ƙofa. Kuma an lura tsiron ya fi saurin girma a ruwa mai ɗumi.

"To ku rage masa ɗumin mana," in ji shi.

"Ɗumin ne ke sa ya ci abinci, shi ke sa ya warke daga sanyin da ya kusa kashe shi. Ba mu da yadda za mu ba shi ɗaya mu hana ɗaya." Ta ƙara da cewa ba ya kama mutum, kada ya damu.

Daga nan Sumani ya zama mai kallon tsiro. Kowace Lahadi ya tarar an samu ƙari. Na gefen ido ya tashi daga gero ya koma dawa, daga dawa ya koma wake. Na hamata suka haɗe suka zama dunƙule guda mai gurza-gurza, kamar curin daddawa. Wani sabo ya fito a gindin wutsiya. Ana auna su da ɗan ƙarfen awo, ana ɗaukar hoto. An kai Baƙo an yi masa hoton cikin jiki, domin, kamar yadda Dakta Ortiz ta faɗa, na waje ana iya yankewa, amma in ya fito a huhu ko ƙoda babu abin da za su iya. Cikinsa ya fito lafiya. Aka sa masa ranar tiyata a farkon Afrilu.

A lokacin ne Sumani ya yanke wa kansa hukunci. Ya faɗe shi a shagon abokinsa Boubacar, wani mutumin Maraɗi mai sayar da turare da man kaɗanya da busasshen kifi a titin Bay.

"Zan ga yadda za ta kaya da Baƙo. In aka yanke bai dawo ba, ni ma in miƙa wuya."

Boubacar ya ajiye kofin shayi. "Kai Ɗan Gwanja, mi kake faɗi haka? Kunkuru ne lokotoronka yanzu? Ko shi zai ba ka randebu a asibiti?"

"Kai dai miƙo min man kaɗanya."

"Zan miƙo, ni ɗan kasuwa ne. Amma wallahi abin ga da ke wuyanka ba na shagona ba ne. Man ga na ƙafar da ta tsage ne. Ka je su duba ka, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe."

"Ƙarfen ne ai ba na so," in ji Sumani. Boubacar bai yi dariya ba.

Aka yi wa Baƙo aiki, aka cire tsiron duka. Ya yi kwanaki a kan katifar soso ana shafa masa magani, sannan aka mayar da shi ruwa. Wuraren suka warke, suka bar tabo fari. Sumani ya riƙa dawowa gida da sakin fuska, har ya fara tambayar Nafissa ko takardar likitan nan tana nan.

Cikin Mayu ya shiga ɗakin ya leƙa tanki, ya ga abin da ya gani. A bakin tabon ido, daidai inda aka yanke, wasu ƙananan ƙwayoyi sun jeru. A hamata ma haka. Har da wuya, inda da babu komai. Dakta Ortiz ta ce wannan ba baƙon abu ba ne, da yawansu sukan dawo bayan aikin farko, wani sai an yi masa sau biyu ko uku. Ta ce ba yankan ne ya kira su ba, abin yana cikin fata tun kafin wuƙa ta zo. Sumani ya gyaɗa kai cikin ladabi. Kunnensa ya ji, amma idonsa na kan tabon.

Da ya isa gida ya tarar da Zalia tana kwashe tuwo. Ya nuna mata hoton a waya.

"Duba nan. An taɓa shi da ƙarfe, ga abin da ya biyo. Uku aka yanke, yanzu ƙirga. Gani ya kori ji."

"Wannan kunkuru ne, Baban Nafissa."

"Jiki duk jiki ne."

Ta rufe tukunya, ta shiga ɗaki.

Zafi ya shigo, aka ajiye ƙyallen wuya. Ƙullutun ya kai girman goro, gemu ya daina rufe shi. A masallaci mutane suka fara kallonsa suna kawar da kai. Azumi ya zo, ya riƙa jin tuwo na tsaya masa a maƙogwaro in an sha ruwa, sai ya koma koko. Wata tsohuwa cikin fasinjojinsa ta ce masa, "Kullum kai ke kai mu, yaushe za a kai ka?" Ya yi murmushi ya gyara mata bel ɗin kujera.

Shi kuwa Baƙo, tsiron na biyu ya fi na farko sauri. Ba a iya sake yi masa aiki nan da nan ba, domin jininsa ya yi ƙasa, sai ya farfaɗo. Kafin ƙaramar sallah na gefen ido ya rufe rabin idon dama. In aka jefa masa latas ta wannan gefen sai ya wuce bai gani ba. Na hamata ya yi nauyi har yana iyo a karkace. Sumani ya koma ba shi abinci ta hagu, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Hausa kamar mai lallashin yaro.

Lahadin farko ta Agusta, Zalia ta yafa mayafi ta ce za ta bi shi. Ba ta taɓa zuwa ba. "In ga wannan ɗan'uwan naka da ya fi mu," in ji ta. Aka ba ta safar hannu, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon kunkurun yana zagaya tanki a karkace, yana karo da bango ta gefen da ba ya gani.

Dakta Ortiz ta shigo. Sumani ya ajiye burushi ya tare ta. Ya manta matarsa na tsaye, ya manta ita ma tana jin Turanci.

"Dakta, yaushe za ku yi masa? Makon jiya ina ganin baƙin idonsa, yau ba na gani."

Ta ce suna jiran sakamakon jini, wataƙila nan da mako biyu.

"Mako biyu ya yi yawa. In kuka jira zai cinye idon duka. Don Allah ku matso da shi. Abin nan ba ya jira."

Ta ce za ta duba. Idonta ya sauka a wuyansa, ta buɗe baki, sai ta dubi Zalia. Matan biyu suka kalli juna. Likitar ta ce, "Ni ta dabbobi ce, kuma ciwonsa daban, na mutane daban. Amma maganar da ka faɗa yanzu gaskiya ce." Ta fita.

Sun yi nisa a hanyar komawa kafin Zalia ta yi magana.

"Maimaita min abin da ka gaya wa matar nan."

"Wanne?"

"Abin nan ba ya jira. Da bakinka ka faɗa. Har da don Allah. Roƙonsu kake su sa masa wuƙa."

"Shi ai dabba ne."

"Yau dabba ne? A watan Mayu malaminka ne, da shi ka rufe min baki. Ka ce jiki duk jiki ne. In ƙarfe ne ke fusata abin, don me kake roƙo a sake taɓa shi? Ko ba ka son sa ne?"

Sumani ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Can ya ce, "In an bar shi zai makance. Ba zai ga abinci ba. Yunwa za ta kashe shi."

"To."

Motoci suka yi ta wuce su. Ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "Ni na riƙe ƙafar Yaya Moro suka shiga da shi. Ni na ce a kai shi."

"Ai ina gidan a lokacin, Baban Nafissa. Ina amarya. Shekara biyu Yaya Moro yana shafe-shafe kafin ku kai shi, ni nake wanke tsummokaran. Ranar da kuka ɗauke shi ko tsayuwa ba ya iyawa. Kowa ya ga wuƙar, ba wanda ya ƙirga shekara biyun." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni ban ce za su warkar da kai ba, wannan na Allah ne. Amma kada ka bar ni ina wanke tsummokara sau biyu a gida ɗaya."

Suka ratsa Queens, suka ratsa Brooklyn. Sai da suka hau gada, ruwa ya buɗe a ƙarƙashinsu ta kowane gefe, sannan ya ce, "Ki ce wa Nafissa ta kira likitan nan nawa gobe."

Aka yi wa Baƙo aiki na biyu a tsakiyar Agusta. Sumani ya ɗauki hutun rana guda, shi ya ɗauko shi a baho har ƙofar ɗakin tiyata. An ceci idon, ko da yake ya rage gani. A farkon Satumba kuma aka sa wa Sumani allurar da ya guje wa tun Janairu. Boubacar ya rufe shago ya raka shi, ya zauna a waje yana jan carbi. Da Sumani ya fito da ɗan filasta a wuya, ya ce masa, "Ashe dai mutanen Gwanja ma jini gare su. Na zaci ruwan goro ne."

Sakamako ya nuna daji ne, daga can gindin harshe ya taso, kuma ya riga ya kai kaluluwar ɓangare biyu na wuya. Likitan bai ɓoye musu ba. Ya ce da a Janairu ne, da aikin bai kai haka girma ba, amma har yanzu akwai abin yi. Sumani ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Da suka fito ya ce wa Zalia, "Wata takwas." Ta ce, "Ya wuce. Mu kama na gaba."

Bayan babbar sallah aka yi masa tiyata, sannan aka shiga gasa wurin da na'ura, ana kai shi ana dawo da shi duk tsawon sanyin, a irin motar da ya saba tuƙawa, abokan aikinsa na karɓa-karɓa. Ya rame. Ɗanɗanon abinci ya ɗauke masa, goro ma da ya tashi da shi ya koma masa kamar itace. Muryar ta dushe, ba ta sake dawowa yadda take ba. Ranar da ya fara komawa masallaci ya zauna a sahun farko ya ji wani yana kiran sallah, ya bi shi da leɓe.

Nafissa ce ke karɓo masa labarin Baƙo. A Nuwamba wani ɗan tsiro ya sake ɓullowa a wuya, aka cire shi tun yana ƙwayar gero. Bayan wannan ba a sake ganin komai ba. Aka ci gaba da duba shi wata bayan wata, aka sake hoton ciki, ya fito lafiya. A watan Yuni na 2015 aka ce za a kai shi kudu, inda irinsa suka fi zama, a sake shi a can.

Sumani ya je ranar. Ba shi da ƙarfin ɗaukar akwatin da aka sa Baƙo, sai ya dafa gefensa ya bi su har mota. Baƙo ya ƙara girma, ya cika akwatin, fararen tabo a ido da hamata da wuya. An sa masa 'yar alamar ƙarfe a hannu saboda ko wani zai gamu da shi wata rana. Sumani ya sunkuya ya yi masa magana da abin da ya rage na muryarsa, ba wanda ya ji me ya ce. Sannan ya leƙa wajen direba ya tambaye shi yadda ya saita iskar motar. Dakta Ortiz ta yi dariya, ta ce kada ya damu, ba zafi ba sanyi.

Ya koma aiki a ƙarshen wannan shekarar, rabin yini. Ya ga auren Nafissa, ya ɗauki jikansa na fari ya yi masa huɗuba a kunne da raɗa. Ya ci gaba da zuwa Long Island duk Lahadin da jiki ya ba shi dama. In an kawo sabon mai taimako, shi ke nuna masa bokiti mai jan ƙyalle, da dalilin da ya sa ɗakin nan ne na ƙarshe.

A ƙarshen 2017 ciwon ya dawo, wannan karon a huhu. Da aka nuna masa hoton ya ce ya gane, ya san bambancin na waje da na ciki. Ya rasu a gida, a Stapleton, ranar wata Alhamis cikin Maris na 2018, yana da shekara hamsin da shida. Aka yi masa sallah bayan Juma'a, aka binne shi a maƙabartar Musulmi a New Jersey. A wurin zaman makoki wani dattijo ya ce dama daji ba ya son ƙarfe. Zalia ta ji daga ɓangaren mata, ta aiko Boubacar ya gaya masa cewa bayan ƙarfen mijinta ya yi shekara uku da rabi, kuma abin da ya ce yana nadama shi ne wata takwas ɗin da ya jira.

Zalia tana nan a gidan, tana aikinta. Nafissa da mijinta sun koma unguwar Soundview. Baƙo kuwa, tun ranar da aka sake shi, ba a samu wanda ya kawo labarin alamarsa ba.